Kuɗin Fito da Manomi: Tarihin Yaƙin Ciniki na 1930

GABATARWA

Ran 17 ga watan Yuni, 1930, Shugaban Amurka Herbert Hoover ya sa hannu a kan wata doka wadda ta ƙara kuɗin fito a kan kaya fiye da iri 20,000 masu shiga ƙasarsa. Waɗanda suka kawo dokar sun ce domin manomi aka yi ta. Shekara biyu bayan haka, sai ga manoman jihar Iowa suna ƙona masararsu a murhu don jin ɗumi, saboda kuɗin da za a saye ta bai isa ya sayo musu kwal ba. A daidai wannan lokaci kuma manomin gyaɗa na ƙasar Kano, wanda bai taɓa jin sunan Hoover ba, yana kai kayansa sikeli ana ba shi abin da bai kai rabin abin da ya saba karɓa ba. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a bi diddigin yadda aka yi dokar, da irin ramuwar da ta jawo, da abin da ya sami manoma na can da na nan, don mu ga ko ƙofar da aka rufe wa kayan baƙo tana iya ciyar da mai noma don sayarwa waje.

MENE NE KUƊIN FITO?

Kalmar ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro sukan biya kafin a fitar da su daga wannan gaɓar kogi zuwa waccan, sukan kuma biya sarakunan ƙasashen da suke ratsawa. Daga nan aka aro sunan aka ba harajin da gwamnati ke ɗora wa kayan da aka shigo da su daga wata ƙasa. Gwamnati takan sa shi don dalili biyu: ko don ta tara kuɗin shiga, ko kuwa don ta sa kayan waje su yi tsada har mutane su koma sayen na gida.

A nan akwai abin da ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga farko, don a kansa dukkan labarin ya rataya. Kuɗin fito yana taimakon wanda kayan waje suke yi wa gasa a kasuwar gida. Amma wanda yake noma abin da ya fi ƙarfin cikin ƙasarsa, har sai an fitar da rarar waje, kasuwar duniya ce take yanka masa farashi. Alal misali, in ƙasa tana sayar da rabin audugarta a waje, ko an ɗora wa audugar baƙi haraji ninki goma ba abin da zai ƙaru ga mai gonar, tun da dama ba wanda yake kawo auduga ya yi masa gasa.

HALIN MANOMIN AMURKA BAYAN YAƘIN DUNIYA NA FARKO

Daga 1914 zuwa 1918 gonakin Turai sun zama filin daga, samarin da ke noma su kuma suna bakin fama. Sai Turai ta dogara ga Amurka da Kanada da Ajantina da Ostareliya wajen abinci. Gwamnatin Amurka ta tabbatar wa manoma fiye da dala 2 a kan kowane bushal na alkama, watau mudunsu na awo wanda ya kai kimanin kilo 27. Ganin haka manoma suka ci bashin banki, suka jinginar da gonaki suka sayi ƙarin fili da tarakta. Ita taraktar ma ta ƙara yawan amfanin da ke zuwa kasuwa, domin filayen da a da ake noma wa dawaki abinci sun koma na alkama da masara.

Da yaƙi ya ƙare Turawa suka koma gonakinsu, farashi ya faɗi warwas a 1920 da 1921, bashi kuwa yana nan inda yake. Majalisa ta ƙara kuɗin fito a 1921, ta sake ƙarawa a 1922, amma ciwon bai warke ba, don ba a inda yake ake shafa maganin ba. Wakilan jihohin noma suka kawo wani shiri na gwamnati ta sayi rarar amfanin gona ta sayar a waje, Shugaba Calvin Coolidge ya ƙi sa hannu har sau biyu, a 1927 da 1928. Saboda haka da Hoover ya fito neman zaɓe a 1928, sai ya yi wa manoma alkawarin zai ƙara kuɗin fito a kan kayan gona. Ya ci zaɓe, ya kira majalisa zama na musamman a watan Afrilu na 1929.

BA NI GISHIRI IN BA KA MANDA

Mutum biyu ne suka ja ragamar aikin: Willis Hawley na jihar Oregon a Majalisar Wakilai, da Reed Smoot na jihar Utah a Majalisar Dattawa, shi ya sa ake kiran dokar da sunayensu. Da aka buɗe ƙofar sauraron jama'a, sai masu masana'antu suka yi cincirindo, kowa yana neman a sa da shi. Wakilin da jiharsa ke yin sukari ya goyi bayan mai katako, mai katako ya goyi bayan mai siminti, haka aka yi ta ba ni gishiri in ba ka manda har wata goma sha huɗu. Abin da aka fara don manomi ya ƙare ya game takalmi da tufafi da kwanuka da agogo, watau kayan da shi manomin yake saya.

Ana cikin wannan ja-in-ja kasuwar hannun jari ta New York ta rushe a watan Oktoba na 1929. Gwamnatocin ƙasashe da dama suka aiko da takardun ƙorafi. A watan Mayu na 1930 masana tattalin arziki 1,028 suka sa hannu a takarda ɗaya suna roƙon Hoover kada ya amince. Hujjarsu a fili take. Manoman auduga da alkama da masu kiwon alade a waje suke sayarwa, saboda haka dokar ba za ta ƙara musu kome ba sai tsadar kayan masarufi. Bugu da ƙari, ƙasashen Turai suna ɗauke da bashin yaƙi na Amurka, in an hana su sayar da kayansu a can, da wace dala za su biya bashin, balle su sayi auduga? Sun kuma yi gargaɗi cewa wasu ƙasashe za su rama. Duk da haka Majalisar Dattawa ta amince da ƙuri'a 44, masu ƙi 42, Shugaba kuma ya sa hannu.

RAMUWAR GAYYA

Kanada ce babbar abokiyar cinikin Amurka a lokacin, ita ce kuma ta fara ramawa. Tun a watan Mayu na 1930, kafin ma a sa hannu, gwamnatin Mackenzie King ta ɗaga kuɗin fito a kan kaya iri 16 na Amurka, yawancinsu kayan gona. Wannan bai huce wa 'yan Kanada haushi ba. A zaɓen watan Yuli suka kayar da King suka ɗora R. B. Bennett, wanda ya yi alkawarin ƙarin haraji, ya kuwa cika.

Labarin ƙwai ya isa misali. Amurka ta ɗaga harajin dozin ɗaya na ƙwai daga sent 8 zuwa 10. Kanada ta ɗaga nata daga sent 3 zuwa 10. A 1929 ƙwan da Kanada ke sayar wa Amurka bai wuce dozin 13,000 da 'yan kai ba, ya sauka zuwa kusan 8,000 a 1932. Amma wanda Amurka ke sayar wa Kanada ya faɗo daga fiye da dozin 900,000 zuwa ƙasa da 14,000. Mai kiwon kaji na Amurka ya kori baƙon da ke cin ɗan lomar kasuwarsa, ya rasa akushi guda. Hausawa suka ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Sauran ƙasashe suka bi sahu. Sifen, wadda aka taɓa mata inabi da lemo da albasa, ta ɗora wa motocin Amurka haraji mai nauyi a watan Yuli na 1930. Italiya ma ta yi haka. A Switzalan, inda aka taɓa agogo, jama'a suka shiga ƙaurace wa kayan Amurka. Jamus da Faransa da Italiya, waɗanda dama sun fara kare manomansu, suka ƙara tsawon katangar da suka yi wa alkamar waje. Kyuba kuwa ba ta da ƙarfin ramawa. Sukari ne rayuwarta, Amurka ce kasuwarta, aka ɗaga mata haraji daga sent 1.76 zuwa sent 2 a kan kowace laba don a kare masu noman gwozar sukari irin na jihar Smoot. Ma'aikatan rake suka shiga baƙar wahala, rikici ya yi ta ruruwa har gwamnatin Gerardo Machado ta faɗi a 1933.

Bugun da ya fi zafi daga Ingila ya zo. Tun 1846, da ta soke harajin hatsi, Ingila ta bar ƙofarta a buɗe ga abincin duniya. A 1932 ta sa harajin kashi 10 cikin ɗari a kan yawancin kayan waje, sa'an nan ta zauna da Kanada da Ostareliya da sauran ƙasashen daularta a birnin Ottawa, suka shirya fifita juna. Alkamar Kanada da ta Ostareliya ta ci gaba da shiga Ingila kyauta, ta Amurka kuwa sai ta biya. Ba dokar 1930 kaɗai ta kai Ingila ga wannan ba, matsin tattalin arziki ma ya taka rawa, amma ta ba masu son rufe ƙofa hujjar da suka daɗe suna nema.

ABIN DA MANOMI YA GIRBA

Laba ɗaya ta auduga da ake saye kimanin sent 17 a 1929 ta koma wajen sent 6 a 1931 da 1932. Alkama ta faɗo daga dala 1 zuwa sent 38, alhali kuwa harajin da aka sa don kare ta sent 42 ne. Watau katangar ta fi abin da ke cikinta tsada, ba ta kuma hana shi faɗuwa ba. Kuɗin da Amurka ke samu daga sayar da amfanin gona a waje ya ragu da kusan kashi biyu cikin uku tsakanin 1929 da 1933. Cinikin duniya baki ɗaya ma haka ya ragu.

Manomin da bai sayar ba ba zai biya bashi ba, ƙananan bankunan ƙauye da suka ba shi rance kuwa suka yi ta rufewa, suna tafiya da ajiyar mutane. Aka shiga gwanjon gonaki. A wasu wurare maƙwabta sukan taru ran gwanjo, su hana kowa tayi sai na 'yan sent kaɗan, su saye gonar da dabbobin su mayar wa mai su. A 1932 manoman Iowa, a ƙarƙashin jagorancin Milo Reno, suka tare hanyoyi suna zubar da madara don kada ta isa kasuwa. Da Franklin Roosevelt ya hau mulki a 1933, gwamnati ta biya manoma suka nome audugar da ta riga ta tsiro a eka wajen miliyan 10, aka kuma yanka aladu kusan miliyan 6, duk don a rage kaya farashi ya tashi, a ƙasar da mutane ke bin layin abinci.

Gaskiya ita ce bai dace a ɗora wa dokar dukkan laifin ba. Yawancin masana tarihi suna ganin rushewar bankuna da ƙarancin kuɗi a hannun jama'a, da kuma ɗaure kuɗaɗen ƙasashe ga zinariya, sun fi ta ɓarna. Farashin amfanin gona ya fara sauka tun kafin a yi ta. Abin da ba a musu a kansa shi ne ba ta ba manomi abin da aka yi masa alkawari ba, ta kuma toshe masa kasuwanni a daidai lokacin da ya fi bukatarsu. Masu masana'antu sun sami kāriya, shi ya sami ramuwa: kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

ƘURAR TA ISO ƘASAR HAUSA

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Turawan mulki auduga suka sa rai za a noma wa masaƙun Ingila, amma daga 1912 manoma suka zaɓi gyaɗa, 'yan kasuwa irin su Alhassan Ɗantata suka shiga tsakaninsu da kamfanonin Turawa. Babbar kasuwar wannan gyaɗa tana cikin nahiyar Turai, musamman Faransa da Jamus, inda ake matse ta a yi man girki da sabulu. Saboda haka duk abin da ya taɓa waɗannan ƙasashe ya taɓa manomin Kano da Katsina da Haɗeja.

Da kowace daula ta shiga rufe ƙofarta, Faransa ta yi doka a watan Agusta na 1933 wadda ta ɗora haraji a kan gyaɗa da sauran 'ya'yan mai na ƙasashen waje, don ta kare gyaɗar ƙasashen da take mulka, musamman Sanagal. Manomin Katsina da ɗan'uwansa na Maraɗi harshensu ɗaya, ƙasarsu iri ɗaya, daminarsu ɗaya, amma a tashar jiragen ruwa ta Marseille gyaɗar ɗaya ta gida ce, ta ɗayan baƙuwa. Jamus ma daga 1933 ta shiga taƙaita sayen mai daga waje don ta tallafi masu yin man shanu na gida. A 1934 Amurka ta ɗora harajin sent 3 a kan kowace laba ta manja da man kwakwa, abin da ya shafi kudancin Nijeriya.

Ta wajen saye ma ba a bar talaka ba. A waɗannan shekaru yadin Japan mai araha ya fara cika kantuna, shi ne kuma wanda aljihun manomi ke iya ɗauka. A 1934 Ingila ta ƙayyade yawan yadin Japan da zai shiga Nijeriya da wasu ƙasashen da take mulka, don ta ceci masaƙun Lancashire. Manomi ya sayar da araha ya sayi tufa da tsada.

Sa'an nan ga haraji, wanda da kuɗi ake biyansa, bai kuwa sauka daidai da saukar farashi ba. Wanda buhu ɗaya ke biya wa haraji a da, yanzu sai ya kai biyu ko fiye. Wannan ne ya sa yawan gyaɗar da Nijeriya ke fitarwa ya ƙaru a shekarun da farashinta ya fi lalacewa. Manomin Amurka da bashin banki ya ɗaure da manomin Kano da haraji ya ɗaure, hanya ɗaya suka bi: ƙara noma don cike giɓi, ƙarin noman kuma ya daɗa karya farashi. Bambancinsu shi ne na Amurka yana da ƙuri'a. A 1932 ya yi amfani da ita, Hoover da Smoot da Hawley duka suka rasa kujerunsu. Na Kano ba wanda ya tambaye shi.

GYARA, DA KUMA KOMAWA GIDAN JIYA

A 1934 Sakataren Harkokin Waje Cordell Hull ya shawo kan majalisa ta ba Shugaba ikon yin yarjejeniya da ƙasashe ɗaya bayan ɗaya, kowa ya rage wa ɗan'uwansa haraji. Wannan hanya ce ta kai ga yarjejeniyar GATT da ƙasashe 23 suka sa wa hannu a 1947, wadda ta haifi Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 1995. Abin da aka rushe cikin shekara biyu sai da aka yi shekaru masu yawa ana gina shi.

Amma ba a ɗauki darasin har abada ba. Ran 6 ga Yuli, 2018, gwamnatin Donald Trump ta ɗora harajin kashi 25 cikin ɗari a kan kayan ƙasar Sin na dala biliyan 34. A ranar Sin ta rama da kashi 25 a kan waken soya da wasu kayan Amurka, ita kuwa ce mai sayen fiye da rabin waken soyar da Amurka ke fitarwa. Cinikin ya faɗo daga kimanin dala biliyan 12 a 2017 zuwa wajen biliyan 3 a 2018, Sin ta karkata ga Birazil. Ma'aikatar Gona ta Amurka ta ƙiyasta asarar fiye da dala biliyan 27 a cinikin amfanin gona daga tsakiyar 2018 zuwa ƙarshen 2019, gwamnati kuma ta raba wa manoma tallafin kusan dala biliyan 23. Da rigimar ta sake tashi a 2025, waken soya ne dai Sin ta sake dainawa saye na tsawon watanni.

Me ya sa kullum kayan gona ake fara bugu? Na farko, waken Birazil da na Amurka duk wake ne, mai saye yana iya sauya dillali cikin sauƙi, ba kamar injin jirgin sama ba. Na biyu, manomi ya riga ya shuka kafin a yi shelar haraji, ba zai iya tsayar da gona kamar yadda ake kashe inji ba. Na uku, mai ramawa ya san inda ƙuri'un abokin faɗansa suke, can yake auna kibiyarsa.

KAMMALAWA

Mun ga yadda doka da aka yi da sunan manomi ta koma ta masu masana'antu, da yadda ramuwar ƙasashe ta sauka a kan mai auduga da mai alkama da mai ƙwai, har ta iso ga mai gyaɗa a ƙasar Hausa wanda ba shi cikin shawarar. Wannan ba ya nufin kuɗin fito ba shi da amfani ko kaɗan. Mai noman shinkafa da shinkafar waje ke yi wa gasa yana iya cin moriyarsa, ko da yake mai saye ne zai biya. Amma mai riɗi da mai citta da mai zoborodo, waɗanda kasuwarsu ke ƙetare, suna cikin sahun manomin Iowa na 1930, ba su kuma da baitulmalin da zai raba musu biliyoyi in ciniki ya tsaya. Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai, duk ran da muka ji an ce za a rufe ƙofa domin manomi, ya kamata mu tambaya wane manomin ake nufi, a ina yake sayarwa, wa kuma zai biya in maƙwabci ya rufe tasa. Allah ya ba mu damina mai albarka da kasuwa mai kyau, amin.